Sabar ta yi nauyi amma firosesa na hutawa: kar ka ce a sayo RAM tukuna

Na ga saƙonka tun jiya da daddare ƙanena, ban amsa ba ne don ina so in zauna in rubuto maka a tsanake, irin wannan tambayar ba a amsa ta a tsaitsaye. Ka ce sabar ofishin nan da na tura ka ta yi nauyi kusan sati biyu kenan, masu lissafi na ta ƙorafi wai in za su buɗe fayil ba laifi amma da sun danna ajiyewa sai su zauna suna kallon allo, ka kashe ka kunna ta ɗan saki na awa biyu ta koma gidan jiya, ka buɗe top, manhajar da ke nuna aikin da sabar ke yi, ka ga firosesa ko kashi 15 bai kai ba amma load average, wato ma'aunin tsawon layin ayyuka, ya haura 14 alhali kwa 8 gare ta, wato ƙwaƙwalwa 8 a cikin firosesanta, shi ne kake tambaya ko ka je ka gaya wa manaja a ƙaro RAM. A'a, kar ka gaya masa. Kuma don Allah ka daina kashe ta kana kunnawa.

Bari in fara da wannan kashewar don ita ta fi damuna. Duk lokacin da ka kashe ka kunna to ka share sawun ɓarawo ne da hannunka, abin da dmesg, rajistar saƙonnin Linux, ya tara na ƙorafin faifai da kontirola mai kula da fayafan ya tafi sai dai in an saita rajistar tana zama a faifai, layin da ya taru ma ya watse, shi ya sa kake ganin kamar ta warke. Na biyu kuma wanda ya fi haɗari, faifan da ya shekara biyar shida yana juyawa ba tsayawa, in yana kan gargara, sau da yawa ranar da aka kashe shi ya huce ita ce ranar da zai ƙi tashi. Na gani da idona ba sau ɗaya ba.

To yanzu wannan lambar 14 ɗin. A Linux load average ba masu jiran firosesa kaɗai yake ƙirgawa ba, har da ayyukan da suka maƙale suna jiran faifai ya ba su amsa, waɗanda in ka duba top za ka ga harafin D a gabansu. Kamar gidan mai ne, layin motoci ya kai titi amma yaran famfo na zaune sun naɗe hannu, ai ba yaran ne suka yi kaɗan ba, man ne ba ya tahowa daga tanki, ko ka ɗauko yara goma ka ƙara layin ba zai motsa ba. Sabar ɗinka jira take yi. Aikinka shi ne ka gano wa take jira.

Maganar RAM minti ɗaya ta isa ka kashe ta. Buga free -h ka kalli available, kar ka kalli free, don Linux da gangan yake cika RAM da ajiyar wucin gadi kuma yana saki in an buƙata, yara da yawa nan suke ruɗewa su ɗauka RAM ya ƙare. Sai ka buga vmstat 1 ka zuba ido kan si da so, wato abin da ake kwashewa tsakanin RAM da faifai in RAM ya cika. In sifili suke ta bayarwa to RAM bai da laifi, ko ka cika duk ramukan ba abin da zai canza sai kuɗin mutane da ka ƙona da mutuncinka da ka zubar a gaban manaja. In kuwa ka ga lambobi na ta gudu a wurin to ka dawo mu yi wata maganar. A wannan allon dai ka kalli b, ayyukan da suka maƙale, da wa, lokacin da firosesa ke zaman jiran faifai, ina kyautata zaton su za ka ga sun tashi.

Daga nan sai iostat -x 1, ka bar shi yana gudu daidai lokacin da suke ƙorafin ba da sassafe da ba kowa a ofis ba. Abin da nake so ka kalla r_await da w_await, wato milisakan nawa karatu ko rubutu ɗaya ke ɗauka kafin ya dawo. Ka riƙe wannan lissafin a kanka: faifai mai juyi 7200 a minti yana zagaye 120 a sakan, zagaye ɗaya milisakan 8 da ɗoriya, ga kuma lokacin da allura ke tafiya neman layi, shi ya sa faifai ɗaya irin wannan da ƙyar yake wuce aiki 100 a sakan in wurare daban-daban ake nema. Don haka in ka ga 10 ko 20 a faifai mai juyi wannan lafiyarsa kenan, SSD kuwa, faifan da ba ya juyi, ya kamata ya tsaya wajen 1 ko ƙasa. In ka ga ɗaruruwa to ka zo wurin. Kuma ka lura wanne ne ya tashi, na karatu ko na rubutu, don nan hanya ta rabu biyu.

Tunda ka ce buɗewa lafiya ajiyewa ce matsala, zargina na farko ba faifai ba ne ma, batirin kontirolar RAID ne, wato na'urar da ke haɗa fayafai da yawa su yi aiki kamar ɗaya. Ka san kontirolar nan tana da ɗan RAM nata, in sabar ta ce rubuta wannan sai ta karɓa ta ajiye a nan ta ce an gama nan take, daga baya ta sauke wa fayafai a hankali, shi ake kira write-back. Amma tana yin wannan karamcin ne kawai saboda akwai batir da zai riƙe bayanan in wuta ta ɗauke. Ranar da ta ga batirin ya mutu ko cajinsa ya yi ƙasa sai ta janye da kanta ta koma write-through, kowane rubutu sai ya isa kan faifai kafin ta amsa, ba ta sanar da kowa a allo, fitilar gaba wani lokacin ma ba wanda ya kula da ita. Karatu zai ci gaba yadda yake, rubutu kuwa sai ka rantse an ɗaure masa dutse, musamman databes da ke yawan ƙananan rubutu.

Akwai wani ofis a Kano da aka kira ni ƙarshen wata ana shirin biyan albashi, kafin in zo an riga an sa su sun sayi RAM an ƙara, an sake saka manhajar lissafin, har an fara maganar sayen sabuwar sabar. Na shiga ɗakin, esi ya lalace an kawo fankar tsaye an jingina. Na duba kontirola ta ce write-through take kai, batir ya gaza. Da muka samu dama bayan an tashi aiki muka buɗe murfi, wallahi batirin nan ya kumbura kamar an hura masa iska, ledar jikinsa har ta ɗaga, ga ƙurar hunturu ta kwanta a kan raga ta gaba ta yi kauri kamar bargo, ina jan ta tana tahowa a dunƙule. Batir ɗaya muka canza, ya gama caji kontirola ta koma write-back da kanta, aikin da ke cin musu yini ya dawo yadda suka saba. Zafi ne ya kashe shi, batirin lithium ba ya shiri da zafi ko kaɗan. In Dell ce taka ka duba batirin ta iDRAC ko perccli, in HP ce ta iLO ko ssacli. Wani abu kuma, tsofaffin kontirolar Dell da ake kira PERC suna gwada batirinsu da kansu duk kwana 90, su sauke cajin su sake cikawa, a wannan tsakanin sukan koma write-through na wasu awanni, to in nauyin na zuwa ne yana tafiya duk wata uku ka san daga ina yake. Naka da ya yi sati biyu ba wannan ba ne.

Gargaɗi ɗaya a nan, za ka ga akwai zaɓin tilasta write-back ko ba batir, kuma in ka kunna shi nan take sabar za ta saki kowa ya yi ta yabonka. Kar ka taɓa shi. A yanayin wutarmu, tsakanin ɗaukewar NEPA da tashin janareta in yufiyes (UPS) ya yi tangarɗa na sakan ɗaya duk abin da ke cikin ajiyar kontirola ya ɓace, databes ta lalace, kuma ba za ka sani ba sai ranar da aka nemi lissafin da babu shi.

In batir lafiya lau yake to sai mu koma kan fayafai ɗaya bayan ɗaya. Faifai ba kasafai yake mutuwa farat ɗaya ba, jinya yake yi. Ya zo karanta wani gurbi ya kasa, ya sake gwadawa, ya sake, duk wannan lokacin sauran fayafan da ke cikin RAID ɗin suna tsaye suna jiransa, ɗaya ya riƙe kowa. Fayafan da aka yi don sabar ana saita su su haƙura bayan kamar sakan 7 su bar kontirola ta ɗauko bayanin daga 'yan'uwansu, amma na kwamfutar tebur da wasu ke cusawa don araha zai iya nacewa fiye da haka nesa, shi ya sa nake faɗa da ku kan saka su. Ka tuna iostat faifai ɗaya kawai yake gani in RAID na kontirola ne, sai ka bi ta smartctl, manhajar karanta SMART, wato rahoton lafiyar da faifai ke bayarwa da kansa, in Dell ce da -d megaraid da lambar kowane faifai kafin ka ga na ciki. Kuma kar kalmar PASSED ta yaudare ka, faifai na iya rubuta PASSED yau gobe ya mutu. Lambobin layukan rahoton za ka karanta: 5 shi ne gurabun da suka lalace aka musanya, 197 waɗanda ake zargi ana jira, 198 da 187 waɗanda aka kasa gyarawa. In 199 ne ke hawa to galibi kebul ne ko mazaunin faifan, ba shi kansa ba. In SAS ne fayafan, wani nau'in faifan sabar, ba za ka ga waɗannan lambobin ba, ka nemi grown defect list.

Wannan ba ra'ayina kaɗai ba ne. A 2007 injiniyoyin Google sun fitar da bincike kan fayafai sama da 100,000 na cibiyoyinsu, suka gano faifan da ya nuna kuskuren dubawa na farko yiwuwar mutuwarsa cikin kwana 60 ta ninka ta lafiyayye sau 39. Amma a binciken dai suka ce kusan kashi 36 cikin 100 na fayafan da suka mutu ba su nuna wata alama a SMART ba sam. Kaga kenan in ya yi magana ka yarda da shi ka canza faifan, in ya yi shiru kuma ba shaidar lafiya ba ce, sai ka haɗa da rajistar kontirola da dmesg, ka nemi inda aka rubuta timeout ko reset ko medium error. Ni har kunne nake karawa a jikin akwatin, faifan da ke fama yana da wani ƙas-ƙas da yake maimaitawa a tsari ɗaya, in ka taɓa ji sau ɗaya ba ka mantawa.

Sauran abubuwan ka duba su tunda kana wurin amma ban sa rai a kansu ba. Zafi na sa firosesa ya rage gudu don kare kansa, sai dai da shi ne da ka ga firosesan a cike ba a kashi 15 ba. Duk da haka ka duba zafin iskar da ke shiga, ƙa'idar ASHRAE, ƙungiyar injiniyoyin sanyaya ɗaki, digiri 18 zuwa 27 ce, mu kuwa a watan Afrilu waje ma ya haura 40 balle ɗakin da esi ya tsaya. Buga ipmitool sel list ka karanta, nan za ka ga in fanka ta tsaya ko ɗaya daga cikin na'urorin wutar biyu ta mutu ko wani RAM na ta yin kuskure ECC, tsarin gyaran kuskurensa, na gyarawa. Sai ethtool don gudun netwok, ka tabbata 1000 yake nunawa ba 100 ba, don gigabit na buƙatar duk wayoyi takwas na cikin kebul, ɗaya ta katse zai iya saukowa 100 shiru ba sallama.

Yanzu ga yadda za ka yi gobe in Allah ya kai mu, kuma a jere nake so. Kafin ka taɓa komai ka ɗauki bakof, wato kwafin bayanan, zuwa wani wuri daban, ka buɗe shi ka ga yana buɗuwa, RAID ba bakof ba ne ko wa ya gaya maka. Dalili, in RAID 5 ne, wanda mutuwar faifai ɗaya kawai yake jurewa, kuma faifai ɗaya na ciwo, lokacin da ka saka sabo za a karanta sauran daga farko har ƙarshe don a sake gini, su kuma rana ɗaya aka sayo su shekarunsu ɗaya wahalarsu ɗaya, a nan ne na biyun yake faɗuwa. In ta kai ga cire faifai kar ka ƙirga da ido ka ce ai na uku ne, ka sa kontirola ta kunna fitilar wanda ake nufi ka kuma gwada lambar jikinsa da wadda smartctl ya ba ka, in ka zare lafiyayye ka bar mara lafiya to ka kashe RAID ɗin gaba ɗaya da hannunka. Abu ɗaya za ka canza a lokaci ɗaya sannan ka sake aunawa, ka rubuta lambar kafin da ta bayan a littafinka. Ka kuma kunna manhajar sar ya riƙa tara tarihin nauyin sabar duk minti goma, da akwai shi da yanzu mun ga ranar da abin ya fara har da awa.

Manaja kuma ka ce masa ana kan bincike, zuwa la'asar za ka kawo masa sunan abin da ya lalace da kuɗinsa, kar ka yi masa alƙawarin komai kafin nan. Ka turo min hoton vmstat da iostat na lokacin da suke aiki, da shafin batirin kontirola, da smartctl na kowane faifai. In ka ga 197 ya wuce sifili a fiye da faifai ɗaya kar ka jira saƙo, kira ni kawai ko ƙarfe nawa ne, zan taho da faifai da batir a jaka.