Me cocin St Martin na Landan ke yi ban da ibadar Lahadi?

Ɗan'uwa, ka ce ka ga wannan cocin na ɗarikar Anglika a gefen dandalin Trafalgar, ka yi mamakin yadda mutane ke shige da fice ranar Talata da rana tsaka kamar kasuwa. Ba banza ba.

Ginin da ka gani James Gibbs ne ya tsara shi, aka kammala a 1726. Amma abin da ya fito da sunan wurin shi ne limaminsa Dick Sheppard, wanda ya kama aiki a 1914. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya sojoji kan sauka daga jirgin ƙasa a tashar Charing Cross cikin dare, ba masauki, sai ya buɗe musu ɗakin ƙarƙashin cocin su kwana. Daga nan aka riƙa ce masa cocin da ƙofarsa ba ta rufuwa. Har gobe akwai cibiya a jikinsa mai kula da marasa matsuguni: wanka, abinci mai zafi, da taimakon neman ɗaki. Duk Disamba kuma ana neman musu gudummawa ta rediyon BBC.

Kuɗin gyaran gini fa? Ɗakin ƙasan nan yanzu gidan cin abinci ne. Kana shan shayi, ƙafarka na kan tsofaffin duwatsun kaburbura, abin da ni kam har yau bai kwanta mini ba. Ana kuma sayar da tikitin kaɗe-kaɗe da yamma.

Ranar Lahadi akwai ibada har da harshen Sinanci.