Zan tafi Guangzhou: in dogara da abin da Wikipedia ta ce game da ladubban Sinawa?

Tambaya: Malam, ni ɗan kasuwa ne a Tawa, kuma wannan ne karon farko da zan je birnin Guangzhou na ƙasar Sin saro kaya. Ɗana ya karanto mini a Wikipedia abubuwan da Sinawa ke ɗauka a matsayin cin fuska, wani dillali kuma ya ce ƙin shan giyarsu kashe ciniki ne. Hankalina ya tashi. Yaya zan yi?

Amsa: Alhaji, ku kwantar da hankalinku. Wasu abubuwan gaskiya ne: ba a ba da kyautar agogon bango, ba a kafa tsinken cin abinci a tsaye cikin shinkafa domin yana kama da turaren da ake kunna wa mamaci, kuma da hannu biyu ake karɓar katin abokin ciniki. Ku adana abin da kuke buƙata tun daga gida, domin an toshe Wikipedia a Sin tun 2019.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda mutanenmu ke ɗauka duk abin da aka rubuta a intanet, musamman da Faransanci, an tantance shi. Kowa na iya gyara shafin Wikipedia, kuma a 2022 an gano wata mata da ta shafe kusan shekara 10 tana ƙirƙiro tarihin Rasha na ƙarya a sashen Sinanci, maƙaloli fiye da 200, ba a farga ba. Shafukan da ke magana kan al'adu sun fi rauni, domin suna tattara mutum fiye da biliyan ɗaya cikin jimla guda. Ku da kanku kun san gaisuwar Ba'adare daban take da ta Buzu ko ta Bazabarme, alhali ƙasa ɗaya ce.

Maganar giya kuwa, dillalin nan yana neman jefa ku cikin saɓo ne a banza, kuma na gaji da jin ta a bakin waɗanda iyakarsu Kasuwar Katako ta Yamai. A Sin akwai Musulmi miliyoyi, a Guangzhou ɗin ma akwai tsohon masallacin Huaisheng da gidajen abinci na halal. Ku gaya wa tafinta tun kafin a zauna cewa addininku ya hana, in an ɗaga kofi ku ɗaga na shayi. Sauran kuma ku tambayi ƴan Nijar da suka daɗe a unguwar Xiaobei ta Guangzhou.