Ampli yana yankewa da zarar an ƙara masa akwatin lasifika: yadda ake gwada shi

Tambaya: Ina ba da hayar kayan sauti a wuraren biki da wa'azi a nan Maradi. Na sayi ampli na hannu, an rubuta wat 2000 a goshinsa. A shago mun gwada shi da akwati ɗaya, sauti tangaram. Ranar aiki da na ɗaura masa akwati uku-uku a kowane gefe, ko minti arba'in bai yi ba ya kunna jar fitila ya yi tsit. Akwatunan duka om 8 ne. Ta yaya zan gwada ampli in san abin da zai iya ɗauka? Mai karatu daga unguwar Zariya.

Amsa: Malam, gwajin da kuka yi a shago ya nuna amplin yana da rai ne kawai. Om shi ne ma'aunin turjiyar da lasifika ke yi wa wuta. Akwati uku na om 8 idan aka jera su a baki ɗaya, jan waya da ja, baƙi da baƙi, sun koma om 2.7. A ce amplin yana fitar da bolt 40. Akwati ɗaya zai ja amper 5, uku za su ja amper 15, kuma duk ta cikin taransistocin nan guda za ta bi.

Wannan ma lissafin takarda ne, domin om 8 da ke jikin lasifika suna ne kawai. Om ɗinta yana hawa da sauka gwargwadon amon da ake bugawa. A wani amon ƙasa yana iya haurawa om 30 ko 40, a wani wurin ya faɗo. Ƙa'idar masu ƙera ta yarda ya sauko har kashi 80 cikin ɗari na abin da aka rubuta, wato om 6.4, kuma akwatunan da ake haɗawa a gida da kurosoba (mai raba amo tsakanin lasifikoki) ta kasuwa sukan zarce haka. Uku ɗinka kenan suna iya zama om 2 a daidai inda ganga ke dukan ƙirji.

Sai kuma abin da ya fi cinye ampli. Lasifika tana da nauyi, tana da tsalle, idan an tura ta gaba sai ta dawo ta turo wuta baya. Kamar mai tura kurar ruwa ne da jarkokin da ba su cika ba: yana turawa, ruwan yana komowa yana dukan hannunsa. A irin wannan hali amper da bolt ba sa tafiya tare, sai taransisto ya riƙa wuce da amper mai yawa a lokacin da yake riƙe da bolt mai yawa. Idan saɓanin ya kai digiri 45, zafin da ke sauka kansa a lokacin ƙoli yana kusan ninkawa biyu. Shi ya sa ampli zai ci gwaji da rezistans (nauyi mai om tsayayye) lafiya lau, ya je filin biki ya zube.

Kada ka yi gwajin ƙarfi da lasifika, za ka ƙone ta, maƙwabta kuma su tsine maka. Haɗa nauyin ƙarya. Hitar dafa ruwa ta tsomawa mai wat 2000 a bolt 220 tana da kusan om 24. Uku a jere baki ɗaya om 8 ne, shida om 4. Auna su da mitar awon wuta tukuna, don wat ɗin da ke rubuce jikin hitar kasuwa shi ma ba abin rantsuwa ba ne. Tsoma su a bokitin roba mai ruwa, bakin wayoyin a sama a bushe, kuma kada hannu ya shiga ruwan ampli na kunne. Babban ampli yana fitar da bolt da zai girgiza mutum.

Kafin ka ɗaura komai, kunna amplin ba sauti, sa mita a DC a bakin fita. Ƙasa da milibolt 50 lafiya. Ya wuce 100, a kai wa mai gyara.

Sauti kuma daga wayar salula za ka ɗauko, da manhajar da ke fitar da amo ɗaya tsayayye. Sa shi a 100 Hz (Hz ma'aunin kauri ko sirantar amo ne). Ƙananan mitoci na kasuwa ba sa faɗin gaskiya idan amo ya wuce 400 Hz, don haka 1000 Hz ɗin da aka saba sai mai mita ta ƙwarai. Ɗaura om 8 a kowane gefe, gefe biyun su yi aiki tare, domin taransifoma ɗaya suke sha. Ƙara murya a hankali har fitilar Clip, mai nuna amplin ya kai iyakarsa, ta fara ƙiftawa, ka ɗan ja baya, ka karanta bolt na AC. Ninka bolt ɗin da kansa, ka raba da om. Bolt 40 a om 8 wat 200 ne. Yi sauri, daƙiƙa goma sun isa.

Maimaita da om 4, a nan ne asiri ke tonuwa. Ampli mai ƙashi zai riƙe bolt 36 ko 37, wat 320 zuwa 340 kenan. Wanda ya faɗo bolt 30 ya ba da wat 225 kacal, nauyi ya ninka amma ƙarfi da ƙyar ya motsa. Ko taransifomarsa ƙarama ce, ko manyan kondansansa sun bushe, ko kuma kariyarsa ce ke danne amper. Irin wannan ko kusa da om 2 kada ya je. A lokacin nan auna wutar bango ma. Idan wutar Nigelec (kamfanin lantarki na Nijar) ko ta gurup (janareta) ta sauko daga 220 zuwa 190, ampli mai taransifoma ya yi asarar rubu'in ƙarfinsa, laifin kuwa ba nasa ba ne.

Gwajin zafi shi ne ya fi kama da abin da ya same ka. Ampli ajin AB (aji shi ne salon ƙirar cikinsa) ba a ƙarshen murya ya fi zafi ba, a wajajen kashi 40 cikin ɗari na ƙarfinsa ne. Dokar Amurka ta 1974 ta sa a gasa ampli awa guda a sulusin ƙarfinsa kafin a auna, daga baya aka sassauta zuwa ɗaya bisa takwas, wanda ya fi kusa da kiɗa na gaske. Ga wanda ya ba da bolt 40, sulusi bolt 23 ne, ɗaya bisa takwas bolt 14. Fara da 14 a om 4 na rabin awa, in ya tsallake ka hau 23. Yi shi da azahar a cikin akwatin da kake ɗaukarsa, domin a watan Afrilu da Mayu iskar da fankarsa ke zuƙa ta haura digiri 40 tun kafin ya fara aiki. Kuma hure ƙurar hunturu da ta toshe ƙarfen sanyayawa, sau da yawa ita kaɗai ce ciwon.

Don kwaikwayon turjiyar lasifika, samo kondansan fankar sama mai 2 µF, bolt 400, ka jera shi da om 8 ɗin. A 10,000 Hz ya ba ka saɓanin digiri 45 daidai. Murya ƙasa-ƙasa, bolt 5 ya isa, kuma na ɗan lokaci. Da osiloskop, na'urar da ke zana siffar sigina a allo, ake ganin sakamako: in ka ba amplin sigina mai kusurwa huɗu, za ta ɗan yi rawa a kafaɗa sau biyu ko uku ta kwanta. Idan rawar ba ta kwanta ba, amplin yana kuka a amon da kunne ba ya ji, shi ne ke ƙone tuwita, ƙaramar lasifikar siririn amo, ba dalili. Wanda ba shi da osiloskop ya lura da zafi ya tashi farat ɗaya ko kariya ta faɗa. Hattara da ampli ajin D da wanda aka sa a Bridge, wato aka haɗa gefe biyunsa su tura nauyi ɗaya: baƙin bakinsu ba lallai ƙasa (wato sifirin bolt) ba ne, ka maƙala masa ƙasan osiloskop sai hayaƙi. A Bridge kuma kowane gefe rabin nauyin yake gani, om 4 ya zama 2.

Waya ma tana cikin nauyin. Tagulla mai kaurin 1.5 mm², tsawon mita 20, zuwa da dawowa kusan rabin om ce, a kan om 2.7 ta cinye wajen kashi 15 cikin ɗari na bolt ɗinka. Mai 2.5 mm² ta rage shi zuwa om 0.28. Kankare bakin wayar da wuƙa. In cikinta fari ne, alminiyam ce aka shafa wa tagulla.

A naka amplin, duba bayansa kusa da bakin fita, akan rubuta mafi ƙarancin om da ya yarda da shi. In 4 ne, akwati biyu a gefe shi ne iyakarsa, ragowar biyun a nema musu wani ampli. In kuma wata rana ka kai huɗu a gefe, haɗa biyu-biyu a sarƙe, jan wannan da baƙin wancan, kowace sarƙa om 16, sannan ka jera sarƙoƙin biyu su dawo om 8.