Aikin talla ba albashi sai kamasho: in karɓa ko in haƙura?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na gama bautar ƙasa bara, ina zaune a Zariya da matata da ɗa guda. Wani kamfani mai sayar da na'urar sola ta gida, irin wadda ake biya da kaɗan-kaɗan, ya ce zai ɗauke ni talla. Babu albashi, babu kuɗin mota. Duk na'urar da na sayar ina da naira 8,000, rabi ranar da aka haɗa ta, rabi bayan mai saye ya yi wata uku yana biya. Wanda ya yi mana bayani ya ce akwai masu tashi da naira 300,000 a wata. A gefe guda kuma wata makarantar kuɗi ta ce za ta ba ni aji a kan naira 50,000. Wanne zan kama?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Abu na farko, cire wa ranka cewa aiki aka ba ka. Abin da aka miƙo maka ƙaramar kasuwa ce: kaya na kamfani, amma ɗawainiya da asara naka ne. Da idon ɗan kasuwa za ka dube shi, ba da idon mai neman aiki ba, kuma ɗan kasuwa lissafi yake fara yi.

Ɗauki naira 300,000 ɗin nan ka raba da 8,000. Sai mutum ya sayar da na'ura 38 a wata kafin ya kai can, wato fiye da guda a kowace rana, har da Juma'a da Lahadi, ba ciwo ba biki ba zaman makoki. Ba na cewa ƙarya aka yi muku. Mai yiwuwa akwai wanda ya taɓa yi, galibi wanda ya daɗe, yana da babur, yana da yara a ƙarƙashinsa da yake cin wani kaso daga cinikinsu. Amma a taron ɗaukar 'yan talla zakaran gwajin dafi ake nunawa, ba a kiran waɗanda suka ajiye jaka suka tafi. Tambayar da ta dace ka yi ita ce: cikin waɗanda aka ɗauka wata shida da suka wuce, mutum nawa ne suke nan har yau, kuma na tsakiyarsu nawa yake samu? In aka fara kame-kame, ka sami amsa.

Yanzu naka lissafin. Mu ƙaddara kana kashe naira 2,000 a rana kuɗin mota da acaɓa, da 500 na kati da data. Ban sa abinci ba. In ka fita kwana 24 a wata, ka kashe naira 60,000 daga aljihunka. Na'ura takwas na farko ke nan sun tafi wajen mayar da abin da ka kashe. Malamin makaranta mai 50,000, in ya cire nasa kuɗin motar, ka ce 15,000, saura 35,000 a hannu. Kafin ka kamo shi sai ka sayar da 12 a wata. To ga inda gizo ke saƙa: tunda rabin kamashon sai bayan wata uku, ko ka sayar da 12 ɗin a watan farko, naira 48,000 ce za ta shigo hannunka, alhali ka kashe 60,000. Ka yi ƙoƙari, ka yi ciniki, amma ka ƙare wata da giɓi. Sai a wata na huɗu ragowar kuɗin za su fara biyo baya, in masu saye sun cika alkawari. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin zirga-zirga ya zama abin da ke karya 'yan talla da yawa kafin ma su koyi aikin. Ka sa farashin garinku a cikin wannan lissafi, kada ka tsaya a nawa.

Wannan rabin da ake riƙewa ya cancanci a tsaya a kansa. Kamfanin ya ɗora maka wani ɓangare na hatsarin bashinsa ne. In mai saye ya daina biya, na'urar takan kulle kanta, kai kuma rabonka ya maƙale. Wasu kamfanonin ma sukan zare abin da suka riga suka biya daga kamashon gaba, kuma haka abin yake a tallan inshora in mutum ya yanke biya da wuri. Ma'ana ba sayarwa kaɗai za ka yi ba, har bin bashi, kuma babu mai biyan ka kuɗin motar bin bashin. Wannan ne ya sa ƙwararren ɗan talla yake ƙin sayar wa wasu mutane ko suna so. Sabon shiga kuwa duk wanda ya ɗaga hannu sai ya rubuta shi.

Akwai wata yaudara da ba kamfani ke yi maka ba, watan farko ke yi. Kawu zai saya, abokin ango zai saya, maƙwabci zai saya don kunya. Sai ka ɗauka kasuwa ta buɗe. Zuwa wata na uku dangi da abokai sun ƙare, ka koma sallama a ƙofar mutanen da ba su san ka ba, goma su ce sai sun yi shawara, ɗaya ya saya. A nan ake gane wanda zai iya. Kuma ranar da batir ya lalace, kawu ba zai nemi hedikwatar kamfani a Legas ko Abuja ba, gidanka zai aiko. Mutuncinka ne garantin kayan, saboda haka kafin ka tallata, ka je ka ga waɗanda suka shekara suna amfani da na'urar, ka ji yadda ake yi da su in ta samu matsala.

Ta fuskar doka, ka san inda kake tsaye. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira 70,000 ne tun Yulin 2024, amma dokar mafi ƙarancin albashi ta 2019 ta ware waɗanda ake biya da kamasho ko da yawan aikin da suka yi, ta kuma ware wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba. Wannan na biyun ne ma ya sa ƙananan makarantu da yawa suke biyan irin abin da aka yi maka tayi ba tare da fargaba ba. Dokar ƙwadago kuwa, a wajen fayyace wane ne ma'aikaci, ta fitar da wakilai da 'yan tallan da ke aikinsu a wajen harabar kamfani. Fansho ma haka: tsarin 2014 ya ce mai aiki ya zuba kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci ya zuba 8, amma wanda aka rubuta a matsayin wakili mai zaman kansa ba wanda zai zuba masa ko kwabo. Sai dai ya buɗe na kansa a tsarin da hukumar fansho ta ƙaddamar wa masu sana'ar kansu a 2019. In babur ya kayar da kai a hanyar Giwa ko Soba kana talla, kada ka sa rai da kuɗin magani sai in an rubuta. Takardar yarjejeniya ita ce kaɗai abin da za ka riƙe, don haka kada ka fara da romon baka.

Kada ka ɗauka kushe aikin nake yi. Yana da abin da albashi ba shi da shi. Malamin da ya fi kowa ƙwazo a makarantar nan 50,000 ɗin dai zai karɓa, kai kuwa in ka ninka ciniki ka ninka samu, ba sai ka jira ƙarin girma ba. Ba a tambayar ɗan wane ne kai, ba a neman takarda daga wani babba. Ba ka zuba jari a kaya ba, in na'ura ta kwana wata biyu a sito ba kuɗinka ne suka kwanta ba. Lokacinka a hannunka yake. Mafi girma kuma, za ka koyi abin da jami'a ba ta koya maka ba: yadda ake buɗe magana da baƙo, yadda ake gane mai saye daga mai kallo, yadda ake jin "a'a" sau ashirin a yini ba tare da zuciya ta mutu ba. Wanda ya shekara biyu yana wannan, da littafin sunayen masu shaguna da masu cajin waya da limamai da masu unguwanni na ƙananan hukumomi uku, ya mallaki abin da zai iya kaiwa ko'ina, har ranar da zai buɗe nasa.

Cin la'ada ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Dillalan hatsi a Dawanau da na shanu a Wudil da Maigatari da Potiskum da ita suke riƙe gidaje, kuma malaman fiƙihu sun halatta ladan dillanci matuƙar an san abin da aka yi alkawari, ba a kuma ɓoye aibin kaya ba. Sai dai ka lura da bambanci. Dillalin kasuwa yana zaune ne inda masu saye ke zuwa da ƙafarsu, yana da kayan mutane da yawa, ana ba shi la'adarsa nan take. Kai za ka bi masu saye gida-gida da kuɗinka, kayan kamfani ɗaya, a farashin da ba ka da ikon ragewa, sannan ka jira. Nauyinka ya fi nasa, don haka ya kamata kasonka ya nuna hakan.

Sannan ciniki yana da lokaci. Bayan kaka manomi yana da kuɗi, da bazara zafi yana sa a nemi fanka, amma da damina kuɗi na wajen taki, a watan Satumba na wajen makaranta, gab da Babbar Sallah na wajen rago. Wanda ya samu da yawa a Disamba ya kashe kamar albashi ne, zai sha wuya a Yuli. Masu daɗewa a wannan sana'a su ne masu yanka wa kansu albashi daga abin da suka samu, su ɓoye saura.

Akwai wanda ba na ma tsayawa lissafi a kansa. Duk inda aka ce sai ka biya kuɗin rajista, ko ka sayi kayan farko da kuɗinka, ko kuma samunka ya dogara ga mutanen da za ka jawo su ma su biya, ba talla ba ce, kai ne kasuwar. Mun ga yadda tsare-tsaren zuba kuɗi na damfara suka rufe da kuɗin mutane, MMM a Disambar 2016 da CBEX a Afrilun 2025, duka da bakin 'yan'uwa da abokai aka jawo mutane. Haka nan kada ka ajiye wa kowa ainihin takardar shaidar karatunka, kuma wanda zai tsaya maka ya karanta abin da yake sa wa hannu.

Ga ra'ayina a kan halin da kake ciki. Da kai kaɗai ne, kana cin tuwon gida, kana da kuɗin da za su riƙe ka wata uku zuwa huɗu ko ba ka sayar da komai ba, da na ce ka shiga da ƙarfinka. Amma da mata da ɗa, kuma ba ka ambaci wata ajiya ba, ban ga dalilin sakin 50,000 mai tabbas ba, duk da ƙanƙantarta. Mai talla da yunwa a gida yakan matsa wa mutane, ya yi alkawarin da kaya ba za su cika ba, ya sayar wa wanda ba zai biya ba. Ka karɓi ajin. Makaranta takan tashi da rana, kana da yamma da Asabar da Lahadi da hutun zango, kuma kamfanin da ba ya biyan albashi ba shi da hujjar hana ka wani aiki. In sun ce dole ka zo ofis kullum da safe, ka cika adadin da suka yanka, ba kuma za su ba da ko kuɗin mota ba, to ma'aikaci suke so a kyauta.

Kafin ka sa hannu, a rubuta maka ranar da kamasho ke zama naka, ranar da ake biya, me zai faru da rabin da aka riƙe in ka bar aiki, ko ana zare kuɗi in mai saye ya gaza, da kuma wa ke da cinikin in kai ka fara magana da mutum wani ya ƙarasa. Ka nemi su ba ka wani ɗan kuɗin mota na watanni ukun farko ko da za a cire daga kamashonka a gaba, wasu kan yarda in aka tambaya. Daga nan ka buɗe littafi, ka riƙa rubuta mutum nawa ka gani, nawa suka saya, nawa ka kashe, ka ware cinikin dangi daban. In wata uku a jere ribar tallan, bayan cire kuɗin mota da kati, ta ninka albashin makarantar, ka jira ƙarshen zango ka ba su sanarwa.