Albashi ya tsaya, igama ta mutu: in gudu ko in tsaya?

Tambaya (daga shekarar 2021): Assalamu alaikum. Ni ɗan Kano ne, shekarata shida ina aiki a kicin ɗin wani otal a Makka. Da korona ta zo aka dakatar da Umara, sai aka rage mana albashi, daga baya aka daina biya gaba ɗaya. Yau wata huɗu ke nan ban ga ko riyal ɗaya ba. Igamata, wato takardar izinin zama a Saudiyya, ta mutu, kamfani bai sabunta ba. Wani abokina ya ce in bar su in bi shi Jidda buga-buga, kullum da kuɗi a hannu. A gida kuma Hajiyarmu na ganin na manta da su, ga bikin ƙanwata bayan sallah. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya yaye mana wannan annoba.

Kada ka bi abokin nan. Ba na zargin niyyarsa, amma ranar da ka daina zuwa aiki ba tare da wata takarda a hannu ba, ka miƙa wa kamfani wuƙa da nama. Za su kai rahoton cewa ka gudu, abin da ake kira hurub, kuma kana iya tashi daga mai bin bashi ka koma wanda askarawa ke nema. Ƙarshen hanyar nan sananne ne: tarhil a Shumaisi, wato gidan tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu, sai jirgi, sai hana dawowa.

Zauna ka yi lissafin abin da za ka bari. Dokar ƙwadago ta Saudiyya ta ba ma'aikaci kuɗin sallama: rabin albashin wata a kan kowace shekara cikin biyar na farko, cikakken albashin wata a kan kowace shekara bayan haka. A shekara shida, albashin wata uku da rabi ke nan idan su suka sallame ka. Haɗa da wata huɗun da kake bi, ka ga wata bakwai da rabi. Buga-bugar kwana nawa za ta mayar maka da wannan?

Ragin farko da aka yi muku, ko da ya yi ciwo, yana da madogara. A shekarar 2020 gwamnati ta ba kamfanoni damar rage albashi daidai da raguwar lokacin aiki, kada ya wuce kashi 40 cikin ɗari. Tallafin Sanid kuwa, wanda ya riƙa biyan kashi 60 na albashin ma'aikata, na 'yan ƙasa ne kaɗai. Baƙo bai ga ko ƙwandala ba, sai ma harajin kaya da ya tashi daga kashi 5 zuwa 15 a watan Yulin 2020, wanda bai tambayi kowa ɗan wace ƙasa ne ba. Wannan ya daɗe yana damuna, amma ba shi ne maganarmu ba. Abin da nake so ka riƙe shi ne, damar ragi daban, hana albashi kacokan daban. Na biyun babu dokar da ta halatta shi. Haka sabunta igama: nauyin kamfani ne, har da tarar jinkiri. Abin da ya sa suke jan ƙafa shi ne kuɗin da gwamnati ke karɓa a kan kowane baƙon ma'aikaci, riyal 700 zuwa 800 duk wata. Idan suka ce ka kawo daga aljihunka, ka ce ba ka da shi.

Ka yi sa'ar lokaci. Tun 14 ga Maris 2021 aka sassauta tsarin kafil, wato ubangidan da zaman baƙo a ƙasar ke hannunsa. Yanzu ma'aikacin kamfani zai iya komawa wani wurin aiki ba tare da sa hannun kafilinsa ba, kuma rashin biyan albashi wata uku a jere yana cikin dalilan da ke buɗe wannan ƙofa, haka ma mutuwar igama. Duka biyun sun same ka. Sabon kamfani ne zai tura maka tayin aiki ta manhajar Qiwa, kai kuma ka amince. Saboda haka in za ka je Jidda, je ka neman wanda zai ɗauke ka da takarda, ka dawo bakin aikinka kafin a ce ba ka nan. An dawo da Umara tun Oktoban 2020, otal-otal da gidajen abinci suka fara motsi.

Sai dai duba sana'ar da aka rubuta a igamarka. Sassaucin bai shafi 'yan aikin gida ba, ko direban gida, ko makiyayi, ko mai aikin gona. Mutanenmu da yawa da bizar direban gida suka shigo, suna aiki a wani wurin daban. Idan kana cikinsu, sake rubuto mini, domin amsar za ta canza.

Bashin kuma ka kai shi ma'aikatar ƙwadago, sashen sulhu. Suna da kwana 21 na aiki su sasanta ku, in ya gagara a tura kotun ƙwadago. Tafi da kwangilarka da takardar banki mai nuna watan da kuɗi ya daina shiga; ciro ta da wuri, don banki na iya tsayar da asusun wanda igamarsa ta mutu. In aka kawo maka wata takarda da Larabci aka ce sa hannu a ba ka wani abu, nemi wanda zai karanta maka tukuna. Akwai wadda ake kira mukhalasa, ma'anarta ka karɓi duk haƙƙinka, ba ka bin kowa komai.

Yanzu maganar gida, wadda nake jin ita ta fi hana ka barci. Kira Hajiya da kanka, ba ta bakin yayanka ba, ka gaya mata wata huɗu ba a biya ka ba. Mu 'yan ci-rani muna da wannan ciwon na rufa wa kai asiri har ya zama ƙarya: hoto a gaban Harami, ciki kuwa babu komai. Su ma can ba a kwance suke ba, hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 18 a watan Maris na 2021, shi ya sa kiran ya yi yawa. Amma uwa in ta san gaskiya addu'a za ta yi maka, kuma ita ce za ta iya cewa a rage kayan ɗaki ko a ɗaga wani abu.

Zuwa bikin kuwa, ban ba ka shawara ba. Ba a ba da bizar fita da dawowa sai da igama mai rai, kuma kafin 2024, wanda ya fita bizar ta ƙare masa a waje, shekara uku akan hana shi shigowa. Idan aka rufe hanyar jirgi dare ɗaya, kamar yadda aka riƙa yi a lokacin korona, kana iya zuwa biki ka tarar ka yi ban kwana da aikin da bashin gaba ɗaya. Idan kuɗinka ya fito, aika gudunmawarka ta kamfanonin aika kuɗi masu lasisi. A shekarar 2021, Babban Bankin Najeriya ya sa ana biyan mai karɓa da dala, har da ƙarin naira 5 a kan kowace dala, amma yanzu an daina. Ka kuma duba fasfonka yau ɗin nan. In ya kusa ƙarewa, fara zuwa ƙaramin ofishin jakadancinmu na Jidda, don babu kamfanin da zai sabunta maka igama a kan mataccen fasfo.