Dalilin da manoman Cimarron ke barin gona ta huta shekara guda

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce a gundumar Cimarron ta jihar Oklahoma a Amurka ka ga gonaki shimfiɗe har iyakar ganinka, wasu kore shar, wasu kuma babu komai sai tushiyar alkama, kana tambaya ko lalaci ne ko wata al'ada ce ta gado. Al'ada ce, kuma ƙarancin ruwan sama ne ya haife ta.

Tsaunukan Rocky da ke yamma suna tare damshin da iska ke ɗaukowa daga teku, shi ya sa ruwan da ke sauka a wajen bai cika kaiwa milimita 500 a shekara ba. Ga iska ba dare ba rana tana shanye ɗan abin da ya sauka. Ruwan shekara ɗaya bai isa ya riƙe alkama yadda ake so ba, sai manomi ya tara na shekara biyu a cikin ƙasa. Yana girbi a ƙarshen Yuni, ya bar gonar kamar wata 14, sannan ya yi shuka a Satumbar shekara mai zuwa. Wannan tushiyar da ka raina ita ke tare dusar ƙanƙara lokacin sanyi har ta narke ta shige ƙasa, ita ce kuma ke hana iska kwashe ƙasar sama. Ciyawa ce kaɗai ba ya yarda ta fito, don ɓarauniyar ruwa ce.

Da wahala suka koyi wannan. Kakanninsu sun bi ciyawar asali da garma suka tone kaf saboda alkama na kuɗi. Da fari ya zo a shekarun 1930, ƙasa ta rasa abin riƙo, ta tashi sama. Ranar 14 ga Afrilu 1935 ƙura ta rufe garin Boise City, hedkwatar gundumar, da yamma kafin rana ta faɗi, mutum bai ganin tafin hannunsa. Mata na jiƙa zannuwa suna rataya a tagogi, yara na fama da ciwon huhu. A shekarar ne gwamnatin Amurka ta kafa hukumar kare ƙasar noma. Layukan itatuwan da za ka riƙa gani a bakin gonaki idan ka nausa gabas, da yawansu daga shirin Shugaba Roosevelt ne na 1934.

Gonakin nan kore masu siffar da'ira kuwa noman ban ruwa ne, ana jawo ruwan Ogallala da ke ƙarƙashin ƙasa. A ganina masu wannan sun fi shiga haɗari, don suna ɗiba fiye da yadda ruwan sama ke mayarwa.

Ka riƙa sauraron hasashen yanayi daga Afrilu zuwa Yuni, lokacin guguwa da ƙanƙara ne, mai iya kwantar da alkamar da aka yi shekara biyu ana jira cikin 'yan mintoci. Ka tambayi mai gidanka inda ɗakin ɓuya na ƙarƙashin ƙasa yake tun yanzu. Innarka na gaishe ka.