Talotalon da ya ƙi zuwa da asuba ya zo da hantsi: sa'a ce ko iyawa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata shida ina zaune a arewacin jihar New York ta Amurka. Bana wani abokin aikina ya ja ni farautar talotalon daji a watan Mayu, bayan na yi kwas ɗin mafarauta na karɓi lasisi. Fita uku muka yi a banza. A ta huɗu, tun duku-duku wani namiji yake amsa kirana daga kan bishiya, amma da ya sauko sai ya yi gaba abinsa. Na gaji na ajiye abin kiran, wato akwatin da ake gogawa ya yi kukan mace, na jingina da bishiya har gyangyaɗi ya fara ɗibata. Wajen ƙarfe goma sai ga shi tsit, bai fi taku talatin tsakaninmu ba, na harbe shi. Abokina ya ce sa'a ce kawai. Me ya hana shi zuwa sa'ad da nake kira, me kuma ya kawo shi da na yi shiru? Me zan gyara baɗi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Barka da arziki, ɗan'uwa. Akwai waɗanda suka shekara uku suna shiga dajin nan ba su taɓa saɓo ko ɗaya a kafaɗa ba.

Abokinka bai yi ƙarya ba, sa'a ta fi sammako. Sai dai abin da gajiya ta sa ka yi, shi ne abin da tsofaffin hannu suke yi da gangan, kuma in ka gane dalilinsa baɗi ba sai ka jira gajiya ba.

Farautar nan gaba ɗayanta an gina ta ne a kan juya ɗabi'ar tsuntsun. Idan hunturu ya janye lokacin barbara ya zo, namiji ne yake cara, mata su biyo muryarsa. Yana samun fili ya baza wutsiya kamar mafici, ya kumbura, ya saki fikafikai suna jan ƙasa, ya tsaya yana taƙama har su iso. Ba ya daga al'adarsa ya tashi ya je wurin mace. Kai kuwa ka zauna gindin bishiya kana kwaikwayon muryarta, kana so ya sauke girman kai ya tako. Carar da ya yi ta yi maka da asuba ba alkawarin zuwa ba ce, cewa yake "ga ni nan, ki ƙaraso". Kuma duk amsar da ka ƙara ba shi, ƙara tabbatar masa kake yi cewa macen ta matsu, tana hanya. Nan sababbin shiga suke faɗawa. Daɗin amsar ne yake ɗibar mutum, ya yi ta goga akwatin kira har tsuntsun ya kafe wuri ɗaya.

Ga kuma kishiyoyinka. Talotalon daji a kan bishiya yake kwana, kuma galibi akwai mata na gaske a rassan da ke kusa da shi. Gari na wayewa suka diro, su zai bi. Wa zai bar wadda yake gani ya tafi neman wadda yake ji?

Abin da ya canza da hantsi kwai ne. Mace tana yin kwai kusan ɗaya a rana har su kai 10 zuwa 12, sannan ta kwanta a kansu kwana 28. A watan Mayu, da rana ta ɗan ɗaga, sai ka ga matan suna zamewa ɗaya bayan ɗaya zuwa sheƙarsu a ƙasa cikin ciyawa. Tsakanin ƙarfe tara da sha ɗaya gogan naka ya waiga ba kowa. A nan yake tuna wata murya da ya ji da asuba, wadda ta yi shiru ba ta zo ba. Kunnensa kuwa abin mamaki ne, yana iya ƙiyasta gindin bishiyar da sauti ya fito daga nesa mai yawa. Da ka tashi ka koma mota da ƙarfe takwas, kamar yadda akasari ake yi, da zuwa zai yi ya tarar da wayam. Zuwansa shiru ma ba baƙon abu ba ne. Wanda ya sha duka a hannun babban namiji, ko ya taɓa jin ƙarar bindiga bayan kira mai daɗi, yakan koyi shigowa a sace.

Gyangyaɗin ya yi maka wani amfanin da ba ka lissafa ba: ya hana ka motsi. Hancin talotalo ba wani abin kirki ba ne, ba ruwanka da inda iska ta dosa kamar mai farautar barewa. Ido ne makaminsa. Idanunsa a gefen kai suke, yana ganin kusan digiri 270 ba tare da ya juya ba, kuma yana bambance launi. Ni a shekarata ta biyu na taɓa jawo wani har ya shigo fili, gemun ƙirjinsa na lilo, kan nan ya yi fari fat don zumuɗi. Bindigata tana kan cinya. Na ce bari in ɗaga ta a hankali. Ban kai ta kafaɗa ba ya miƙe wuya, ya yi wani ɗan sauti guda, "fut", ya naɗe wutsiya, sai ƙura. Tsuntsu ne da yake gudun kilomita 40 a awa a ƙasa, a sama kuma ya ninka haka. Tun ranar gwiwata a tashe take, bindiga a kanta tana kallon inda nake zato. In dole sai na gyara, ina jira kansa ya shiga bayan bishiya, ko ya juya baya wutsiyarsa ta rufe masa ido.

To, gyaran baɗi. Barci da bindiga cike a hannu kada a sake, wannan ba na wasa da shi. Kira kuma ka rage. Yana kan bishiya, 'yan sautuka biyu uku masu taushi sun isa ya san kana nan. In ya sauko ya bi mata, ka bar shi, ka riƙa ɗan taɓa kira duk bayan minti ashirin ko talatin. Wani lokaci karce busasshen ganye da hannu, kamar mace tana tono, ya fi kowane kira aiki. A kayan kira, akwatin katako ko allo da tsinke sun ishe ka a yanzu. 'Yar robar da ake mannawa a ganɗa tana da amfani don tana barin hannu biyu a kan bindiga, amma sai ka yi wata kana koyonta a mota kafin ta daina kama da kukan agwagwa. In da hali ka je dajin da magariba, ka yi kukan mujiya. Namiji yakan amsa duk wata ƙara ta ba-zata, ka ga ka san bishiyar da ya kwana.

Taku talatin da ka ce ya yi daidai. Iyakar da mafarauta suka saba bi yadi 40 ce, wajen mita 36, kuma kai da wuya ake nufa, don gashin jikinsa da fikafikansa sulke ne, ƙananan ƙwayoyin harsashin da bindigar take watsawa suna raunata shi ya tafi ya mutu a ɓoye. Ba a fafe gora ranar tafiya: kafin lokaci ka kafa takarda mai zanen kan talotalo, ka harba daga yadi 20, 30 da 40, ka ƙirga ramukan da suka shiga kai da wuya. Inda suka fara tsinkewa, nan ne iyakarka. Ina zaunawa nake zaɓar wani kututture ko dutse a wannan nisan ya zame mini alama.

Kada ka ja kunama sai ka ga gemu, wato tuntun gashin nan da yake rataye a ƙirji. A jiharku dokar bazara daga 1 zuwa 31 ga Mayu take, daga rabin awa kafin fitowar rana zuwa sha biyun rana, tsuntsaye biyu masu gemu a duk tsawon watan, ɗaya a yini. Ba ka faɗa mini ko naka babba ne ko saurayi ba. Ka duba wutsiyar: in gashin tsakiya ya ɗara na gefe tsawo, gemun kuma gajere, ɗan shekara ɗaya ne. In bakin mafici ya daidaita, gemun ya doshi taƙi guda, ƙayar bayan ƙafa ta yi tsini, ka samu babba.

Wani abu da na san zai iya zo maka a rai a matsayinka na Bahaushe shi ne sanɗa. Maharbanmu suna ɗaura kan burtu a goshi su rarrafa har tsakiyar namun daji. A dajin Amurka kada ka gwada bin sautin talotalo da rarrafe. Muryar macen da kake sanɗa tana iya zama wani mafarauci ne sanye da kayan ɓad-da-kama, yatsansa a kan kunama. Saboda haka ne ake gargaɗin kada a sa ja, fari ko shuɗi, ko da safa ce ko hankici, don su ne launukan kan namijin. Ka jingina da bishiyar da ta fi kafaɗunka faɗi. In ka hangi mutum yana doso ka, kada ka ɗaga hannu, ka yi magana da ƙarfi da muryarka.

Tsananin dokokin yana da tushe. Wajen shekarun 1840 sare daji da harbi ba ƙaidi sun ƙarar da talotalon daji a jiharku kakaf. Sai wajen 1948 wasu suka ƙetaro daga Pennsylvania. An gwada sakin waɗanda aka ƙyanƙyashe a gona, suka kasa rayuwa. Abin da ya yi aiki shi ne kama na daji da raga a kai su wasu dazuzzuka, wanda jihar ta fara a 1959. Kuɗin irin wannan aiki kuwa da yawansa daga harajin bindiga da harsashi yake fitowa, ƙarƙashin dokar Pittman-Robertson ta 1937. Yau ana samun tsuntsun a jihohi 49, ban da Alaska. Don haka manna alamar lasisi da kai rahoton abin da ka harbe cikin wa'adi ba cika takarda ba ne kawai, da shi hukuma take ƙiyasta yawansu.

In kai Musulmi ne, ka yi bisimilla lokacin harbi, ka riƙe wuƙa mai kaifi a jaka. Abokan farautarka taka wuyansa za su yi, kai in ka same shi da rai yanka shi za ka yi. Ka dai yi hattara da ƙayar ƙafa, yana shure-shure tana tsaga hannu. Kana isa gida ka duba jikinka saboda kaska, yankinku cutar Lyme da take yaɗawa ta yi yawa. Cinyoyin kuma kada ka yar kamar yadda wasu suke yi. Tauri gare su kamar na tsohon zakara, amma awa uku a tukunya da citta, kanumfari da attaruhu, farfesu ne.